Malam Daula Biyar

Ba iyayensa ne suka raɗa masa sunan ba, 'yan makaranta ne, kuma ka san sunan da ɗalibai suka liƙa wa malami ko da sabulu ba ya fita. Duk ajin da ya shiga a farkon shekara, kafin ma ya tambayi yara sunayensu, sai ya ɗauki alli ya ja layi daga saman allo zuwa ƙasa, ya sake ja, har allon ya rabu gida biyar. Sannan ya juyo, ya goge hannunsa a jikin wando, ya ce, "Duk abin da Allah Ya ba rai a duniyar nan yana cikin ɗayan gidajen nan. Ku ma kuna ciki, har shugaban makaranta." Tun ana kiransa Daula Biyar a bayan idonsa har aka koma kira a gabansa. Masu shaguna a bakin titi ma suka ɗauka, da yawansu ba su san ma'anar ba, wasu sun zaci wani mulki ya taɓa yi a wani wuri. Shi kuwa ko a gidansa bai taɓa yin mulki ba.

Ɗan mai tumatir ne. Tun yana ƙarami hannunsa ya saba da kasa kaya a kan buhu: nunannu nan, ɗanyu nan, waɗanda suka fara lalacewa can gefe. Da aka sa shi makaranta aka koya masa cewa masu rai iri biyu ne, dabba da tsiro, shi ke nan. Abin bai kwanta masa ba, domin kullum yana ganin farin gashin nan da ke fitowa a jikin ruɓaɓɓen tumatir, ba ganye, ba saiwa, ba ya kuma tafiya. Ya ɗaga hannu ya tambaya a ina za a sa wannan, aka ce ya zauna ya daina cika wa mutane kunne. Ya zauna, amma tambayar ba ta zauna ba. Sai da ya je kwalejin horar da malamai ya ji cewa masana sun kasa halittu daula biyar, kuma farin gashin nan, fumfuna, yana da tasa daular sukutum. Daga ranar bai sake sha'awar wani aiki ba.

Yadda yake faɗarsu, ko mai sharar makaranta ya haddace. Akwai dabbobi, masu neman abincinsu su haɗiye. Akwai tsirrai, masu dafa nasu da hasken rana. Sai fumfuna da danginta irin su naman kaza, masu kwanciya a kan abin da ya mutu su tsotse shi. Sai 'yan mitsi-mitsin nan na ruwan kududdufi da ido ba ya gani sai an leƙa ta madubin ƙara girma, sai kuma bakteriya, waɗanda suka fi kowa ƙanƙanta da yawa. Yakan ce daula saman tsani ce kawai. Daga nan ake saukowa, mataki bayan mataki, daga babban taro zuwa ƙarami, har a iso kan jinsi guda, a ce wannan akuya ce ba tunkiya ba. "Kowa ya iya cewa dabba," in ji shi. "Ilimi a saukowa yake."

Matarsa tela ce, kuma a shagon ɗinki ya same ta. Ya kai wandonsa da ya tsage gurin yayanta, yana tsaye sai ya ji mutumin ya ɗaga murya ya ce, "Auta, miƙo almakashi." Wata gajeriyar yarinya ta fito daga bayan labule da allura a baki, ta miƙa, ta harari wandon, ta koma. Ita ce ƙarama a gidansu, kowa da haka yake kiranta. Shi ma ya ɗauki sunan daga bakin yayan nata, bai kuma ajiye ba. An yi aure, an haifi 'ya'ya, mace da maza biyu. 'Ya'ya suka ce Mama, maƙwabta suka ce Matar Malam, masu kawo ɗinki suka ce Tela, daga baya jikoki suka zo suka ce Kaka. Shi dai Auta yake cewa, da safe in yana neman takalminsa, da yamma in ya dawo, har a tsakiyar faɗa.

Faɗan kuwa ana yi. Wace mace ce za ta buɗe kabad ɗin kicin ta tarar da burodi ya yi kore a cikin kwalba, a ce mata kada ta taɓa, na darasin jibi ne? A kan taga akwai kwalaben ruwan kududdufi a jere suna wari. In aka yi ruwa ya ga naman kaza ya fito a gindin katanga, sai ya tsuguna ya kira ta kamar an yi baƙo. Ya ce, "Auta, dubi wanda aka zalunta. An ce masa nama, ba nama ba ne. An jingina shi da kaza, bai san ta ba. Ga shi kuma ana yi masa kallon tsiro."

Ita kuma ta ce, "Malam, kai dai ka kasa duniya gida biyar, ka kuma kasa gyara famfon bayan gida."

Yakan yi dariya har ya riƙe ciki, ya je makaranta ya ba malamai labari, famfon kuma ya ci gaba da ɗiga.

Haka suka rayu, ba su yi arziki ba, ba su kuma kwana da yunwa ba. Gidan ɗaki biyu ne da falo da ɗan tsakar gida, akwai bishiyar gwaiba guda da kejin tattabaru. Keken ɗinkinta yana baranda, kujerarsa tana kusa da shi, yana duba takardun jarrabawa tana taka keke. A cikin shekarun nan iyayenta suka rasu, yayyenta suka bi ɗaya bayan ɗaya, har mai almakashin. Ranar da suka dawo daga ta'aziyyar na ƙarshe, ta zauna a bakin gado ta ce, "Malam, yanzu fa kai kaɗai ka rage mai ce mini Auta." Ya je ya dafa mata shayi, ya cika masa sukari kamar yadda ba ta so.

Gab da zai yi ritaya wani sabon malami ya zo da sabon littafi, ya ce ai yanzu an raba bakteriya biyu, daulolin sun zama shida, wasu ma sun sake tsarin gaba ɗaya. Mutane sun zaci Malam zai ji haushi. Ya karɓi littafin ya karanta, ya dawo da shi yana murna, ya ce ashe duniyar ba ta ƙare ba. Sai dai ya roƙi yara su bar masa sunansa yadda yake, ya tsufa da canza suna.

Abin ya fara ne bayan ritayar, kuma da dariya ya fara, wannan shi ne abin takaicin. Akuyar maƙwabta ta shigo tana cin ganyen gwaiba, ya ce, "Auta, kori dabbar nan." Ta ce, "To, Malam, an koma aji ke nan?" Ta kora. Bayan kwana biyu ya ce tsiron nan yana son ruwa, yana nuna gwaibar da shi ya dasa da hannunsa. Jikoki suka mai da abin wasa, su nuna masa kaza ya ce dabba, su fashe da dariya, shi ma ya taya su. Kowa ya ɗauka tsokana ce irin tasa. Ita ce ta fara lura cewa in yana dariyar idonsa ba ya dariya. Wata safiya ta same shi tsaye a gaban keji da hatsi a hannu. Tattabarun nan ya san kowacce da uwarta da kakarta. Ya juyo ya ce, "Auta, waɗannan dabbobin masu tashi, yaya ma ake ce musu?"

Ta faɗa masa. Ya maimaita, ya gode. Kafin azahar ya sake tambaya.

Babbar 'yarsu, wadda ke koyarwa a wata firamare, ita ta matsa aka je asibiti. Aka yi hoton kai, aka dawo da su gurin wata likita mai sanyin murya. Ta fito da katuna masu hotuna tana nuna masa ɗaya ɗaya. Raƙumi, ya ce dabba. Kifi, ya ce dabba, ta ruwa. Masara, ya ce tsiro. Ba inda ya yi kuskure, kuma ba inda ya faɗi suna. Ya zauna a miƙe da hannuwansa a kan gwiwa, yana amsawa da ladabi, yana satar kallon matarsa ko ya ci jarrabawar.

Likitar ta sa 'yar ta fita da shi, ta yi wa Auta bayani. Ta ce ba irin mantuwar da aka saba gani ba ce, zai iya gane hanyar gida, zai iya sa rigarsa. Gurin da ƙwaƙwalwa ke ajiye sunayen abubuwa da ma'anarsu ne yake ƙanƙancewa. Ƙananan sunaye ke fara tafiya, manyan su daɗe, daga baya su ma su bi.

Auta ba ta yi boko mai nisa ba, amma ta shekara da shekaru tana jin darasin nan daga bayan keken ɗinki. Ta gane sarai. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana koya wa yara saukowa daga tsani, shi ne yanzu ake ja sama.

Ta ce, "Likita, sunayen mutane fa?"

Likitar ta gyara katunan a hannunta, ta ce, "Mama, su ma sunaye ne."

"Akwai magani?"

"Akwai abin da zai sa ya samu barci, ya rage damuwa. Wanda zai tsayar da shi babu."

A motar haya da za su koma gida Malam ya yi ta yaba likitar, wai da ɗalibarsa ce da ya ba ta maki mai kyau. Auta ta manna fuskarta a gilashi tana kallon titi. Tsoro ne ya kama ta, tsoro tsagwaronsa, kuma ta san abin da take tsoro. Kunya ma ta ji, a ce miji yana cikin wannan hali ita tana tunanin sunanta. Amma abin da ke ranta ke nan.

Ba abin da ba a gwada ba. An yi addu'a, an yi sadaka. Ɗansu na biyu, direban babbar mota, ya zo da wasu ƙwayoyi da aka ce suna buɗe ƙwaƙwalwa, ba su buɗe komai ba sai cikin Malam. 'Yar ta rubuta sunaye a takarda ta liƙa a jikin kaya, ƙofa, kujera, buta. Yakan karanta da kyau, da muryarsa ta aji, sannan ya dubi abin ya dubi takardar, ya rasa me ya haɗa su. Tsofaffin ɗalibansa sukan zo, manyan mutane da motoci, su durƙusa su ce, "Daula Biyar, ka gane ni?" Wannan tambaya kuwa, wallahi da mutane sun san zafinta da sun bar ta a ƙofar gida. Ya yi murmushi ya ce, "Mutum ne." Su yi dariya su ce Malam bai canza ba, su tafi.

Maƙwabta suka fara zama mutumin nan da matar nan. Jikoki suka zama ƙananan nan. Ranar da ya dubi direba, ɗan cikinsa, ya ce wa Auta ta ba baƙon nan wurin zama, ƙaton mutum ya fita waje ya jingina da motarsa ya yi kuka. Ita ba ta yi ba. Ta riƙe abu guda: a cikin maganar ai ya ce Auta. Kullum da safe takan yi shiru a kicin da gangan, ta ƙi fitowa, sai ta ji ya kira. In ya kira, ranar ta samu. Ta san son kai ne, ba ta kuma iya bari ba.

Daulolin ma ba su tsira ba. Wata rana ta tarar da shi yana cin burodin da ya yi kore, ta fizge, ta ce, "Malam, fumfuna ce fa." Ya dube ta ya ce, "Mece ce fumfuna?" Mutumin da ya shiga aikin koyarwa saboda ita. Ƙananan halittun da ba a gani da ma sun daɗe da ɓacewa. Aka koma biyu, dabba da tsiro, kamar yadda aka koya masa yana yaro. Bayan wani lokaci biyun ma suka cakuɗe, abin da ke motsi da abin da ba ya motsi. Ya zuba wa fanka hatsi. Ya daina ba gwaiba ruwa, don a ganinsa ba ta da bambanci da katanga.

Sai safiyar da ta yi shiru a kicin, shi ma ya yi shiru. Shayi ya tafasa ya huce. Ta ji motsinsa a falo, yana jan kujera, yana neman takalmi, bai kira ba. Da ta gaji ta fito da kofi a hannu. Ya karɓa da hannu biyu, ya ɗan rusuna, ya ce, "Na gode, baiwar Allah."

Ta koma kicin ta zauna a kan buhun shinkafa. Ba ta san iya lokacin da ta ɗauka a nan ba.

Daga ranar ta zama malama. Ta rufe keken ɗinki, ta mayar wa mutane yadinsu. Takan zaunar da shi a baranda, ta kama hannunsa ta ɗora a ƙirjinta, ta ce, "Auta." Ya dube ta. "Ka ce Auta, Malam." Wani lokaci ya ce, kamar yaron da ke bin karatun da bai fahimta ba, da ta saki hannun kuma shi ke nan ya zube. Wani lokaci ya janye hannunsa, don shi mutum ne mai kunya, bai ga dalilin da matar mutane za ta riƙe shi ba. Ta yi da lallashi, ta yi da waƙa, ranar da abin ya ishe ta har tsawa ta yi masa, ya firgita ya kare fuskarsa da hannu. Wannan ya fi komai ƙona mata rai.

'Yar ta same su a haka, ta ja ta gefe. Ta ce, "Mama, kina wahalar da shi, kina wahalar da kanki. In sunan ne, mu sai mu riƙa kiranki da shi."

Auta ta ce, "A bakinki? Ni na haife ki. Ba ki san ni ina ƙarama ba."

"To yaya za a yi, Mama?"

"Ban sani ba."

Gaskiyarta ke nan, ba ta sani ba, babu kuma wanda ya sani. Ta daina darasin. Ta buɗe kekenta ta koma ɗinki, tana yi masa wanka, tana ba shi abinci, yana yi mata godiya irin ta baƙo mai tarbiyya.

Ana nan wata rana da hantsi tana wanke-wanke, sai ta ji daga baranda, a sarari, da ainihin muryar nan mai ɗan ja a ƙarshe: "Auta."

Kwanon ya suɓuce daga hannunta. Ta ce, "Na'am, Malam," ta fito da kumfa har gwiwar hannu, zani yana harɗe mata ƙafa.

Yana zaune a kujerarsa. A kan cinyarsa akwai wata ramammiyar kyanwa mai toka-toka, irin masu bin katanga da ba su da mai su. Yana shafa bayanta a hankali, yana leƙa fuskarta. Ya sake cewa, "Auta." Kyanwar ta lumshe ido. Sannan ya ɗago ya ga mace tsaye, ya gyara zama.

Ya ce, "Yawwa, baiwar Allah. Don Allah ko za ki taimaka wa Auta da ruwa?"

Ita da duk rayuwarta ba ta ƙaunar kyanwa, tsintsiya take bin su da ita. Ta tsaya tana kallonsu, kumfa yana ɗiga a siminti. Ta so ta ɗauke dabbar ta wurga ta bayan katanga, ta so ta faɗi a gurin ta yi ihu. Sai ta juya ta ɗauko murfin roba, ta zuba ruwa, ta ajiye a gindin kujerar. Ya yi mata godiya.

Kyanwar ba ta gida ba ce, takan zo takan tafi. Ranar da ba ta zo ba Malam ba ya furta kalmar ko sau ɗaya, ya wuni yana kallon katanga. Auta ta lura da haka tun a makon farko. Don haka yanzu in ta je kasuwa takan tsaya gurin mai kifi ta karɓo kawuna da ƙayoyi a leda, ta zo ta zuba a kan katanga tun da safe. Maƙwabta suna cewa Matar Malam ta tsufa ta koma kiwon kyanwa. Keken ɗinkin kuma ta janye shi daga baranda ta kai bayan ƙofar falo, inda ba ya ganinta amma ita tana jin komai.

In kyanwar ta diro ta haye cinyarsa, sai Auta ta ɗauke ƙafarta daga kan keke ta jira.

"Auta."

"Na'am," in ji ta, a hankali, don kada kyanwar ta tsorata ta gudu.